Hoto ya nuna jijiyoyin a buɗe, amma ƙirjin Alhaji bai daina ɗaurewa ba

Assalamu alaikum Likita. Daga Garwa nake rubuto maka. Maigidana ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa, shekarunsa 56, kuma ya daɗe da ciwon sukari. Tun bara yake kukan ƙirjinsa na ɗaurewa idan ya yi sauri, ko ya hau bene, ko ya ɗaga dilar kaya. Da ya zauna kaɗan sai ya sake shi. Muka haɗa kuɗi ya bi jirgin ƙasa daga Ngaundare ya yi kudu har Dwala, aka zura masa siririn bututu aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa, aka ce babu wadda ta toshe. Ya dawo da murna, amma ciwon yana nan yadda yake. Danginsa wasu sun ce olsa ce, wasu sun ce hannu aka sa masa a kasuwa. Wani abokinsa ya kawo masa kwalaben ƙwayoyi, wai antiyoksidan, masu wanke jini, sefa 30,000 duk wata. Tun daga nan ya ajiye magungunan asibiti guda uku, na sukari da na hawan jini da na kitsen jini, ya ce tunda zuciyarsa lafiya take ba ya bukatarsu. Yana shan taba a ɓoye, ina jin warin a rigarsa. Da safe na gwada shi, sukarin ya kai giram 2.4 a litar jini, hawan jinin kuma 16/10, wato 160/100. In na yi magana sai ya ce ni ce ke neman masa ciwo da baki. Don Allah zuciyar ce ko ba ita ba ce? Kuma kwalaben nan suna da amfani?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba Alhaji lafiya, Ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi. Ba ki neman masa ciwo da baki. Ciwon ƙirjin da ke zuwa da wahala ya tafi da hutu, a jikin mai sukari, mai hawan jini, mai shan taba, ciwon zuciya ake ɗaukarsa har sai likita ya tabbatar da wani abu daban. Hoton Dwala kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya iya gani shi ya faɗa, sai dai akwai abin da ba ya gani.

Manyan jijiyoyi uku ne ke kwance a saman tsokar zuciya suna kai mata jini, su ne hoton ke nunawa. Daga jikinsu dubban ƙananan rassa ke nutsewa cikin tsokar zuciyar, suna ta sirancewa har su kasa rabin milimita, wasu ma ba su kai kaurin gashi ba. Waɗannan ba sa fitowa a wancan hoton. Kuma su ne ke da wuƙa da nama wajen yawan jinin da zai isa tsokar. Kin taɓa ganin masu noman albasa na rani a bakin Binuwai? Injin yana aiki, babban magudani cike taf da ruwa, amma in ba a buɗe 'yan ƙananan bakunan da ke shigar da ruwa fangali-fangali ba, albasa za ta yi yaushi alhali ga ruwa yana wucewa gefenta. Wanda ya tsaya daga nesa ya kalli magudanin zai rantse gonar nan ba ta da matsalar ruwa.

Zuciya kuwa ba ta da ajiya. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma ko mutum yana kwance, tsokarta tana zuƙe kusan kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa ta, a yayin da sauran jiki a dunƙule yake ɗaukar wajen kashi 25 kawai. Ke nan idan Alhaji ya ɗaga dila, zuciyarsa ba ta da sauran abin da za ta ƙara tsotsa daga jinin da ke hannunta. Sai dai a ƙaro mata wani jinin, nan take. A jikin mai lafiya ƙananan jijiyoyin suna buɗewa cikin daƙiƙoƙi, jinin ya ninka sau uku ko huɗu. Idan ya kasa ninkawa ko sau biyu, likitocin zuciya suna cewa ƙananan jijiyoyin sun samu matsala. Tsokar da ke aiki ba isasshen oksijin ita ce ke yin wannan ɗaurewar, shi ya sa da ya zauna bukatar ta ragu sai ciwon ya lafa.

To me ke sa su buɗe, kuma me sukari ya yi musu?

Cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa siririya ta ƙwayoyin halitta, layi ɗaya tak, wadda jini ke gogawa yana wucewa. An daɗe ana zaton shafe ce kawai don jini ya zame. A 1980 wani masani a birnin New York na Amurka, Robert Furchgott, ya gano cewa idan aka kankare wannan shimfiɗar daga jijiyar zomo, jijiyar ba ta ƙara saki ko an ɗiga mata sinadarin da ke sa ta saki. Daga baya aka gane cewa shimfiɗar tana fitar da wata iska ce, naitirik oksaid, wadda ke ratsawa zuwa tsokar bangon jijiya ta sa ta saki, jijiyar ta faɗaɗa. Shi da Louis Ignarro da Ferid Murad sun karɓi kyautar Nobel a 1998 kan wannan aikin. Iskar nan 'yan daƙiƙoƙi take yi ta ɓace, don haka kullum sai an ƙera sabuwa. Ban da buɗe jijiya, tana hana ƙwayoyin daskarar da jini mannewa juna, tana kuma hana kumburi kama bango.

Ƙwayoyin wannan shimfiɗar ba su iya rufe ƙofa ga sukari ba. Idan ya yi yawa a jini, haka zai yi yawa a cikinsu. Su kuma dole su ƙona shi su samar da ƙarfi, kuma a wajen ƙonawar wani ɗan kaso na oksijin yana fitowa a gurɓace, da yunwar kama duk abin da ya taɓa. Sunansa sufa'oksaid. Kowane jiki yana samar da kaɗan, kuma Allah Ya hore wa jiki sinadaran da ke share shi. Amma idan sukari ya zauna a giram biyu da ɗoriya wata da watanni, abin da ake samarwa sai ya fi ƙarfin masu sharewa. Wani masani mai suna Michael Brownlee ya bayyana a 2001 cewa wannan ambaliyar ita ce tushen da hanyoyin ɓarnar sukari da dama suke tsirowa daga gare shi, a ido da ƙoda da jijiyoyi. Hawan jini da hayaƙin taba kuma kowannensu yana kunna wata masana'antar gurɓataccen oksijin ɗin a cikin bangon jijiya. Alhaji ya haɗa ukun.

Ga inda abin ya fi ban takaici. Sufa'oksaid da naitirik oksaid suna haɗuwa da wani irin sauri da ya wuce saurin masu sharewa. Da zarar an ƙera iskar buɗe jijiya, kafin ta isa tsokar bango an cafke ta. Haɗuwarsu kuma tana haifar da wani sinadari da ya fi su ɓarna, wanda ke lalata wani mataimaki da injin ƙera naitirik oksaid ba ya aiki daidai sai da shi. Idan mataimakin nan ya ƙare, injin ba ya tsayawa, sai ya koma ƙera sufa'oksaid da kansa. Abin da aka halitta don buɗe jijiya ya koma yana ƙara mata ciwo. A gefe guda jiki yana ƙara fitar da sinadarin matse jijiya, sukari yana manne wa furotin ɗin bango yana sa shi tauri, wasu ƙananan rassan ma suna mutuwa su ɓace. Kitsen jini kuma idan gurɓataccen oksijin ya taɓa shi ya fi saurin nutsewa cikin bangon manyan jijiyoyi ya taru. Saboda haka hoton da ya fito fes bara ba takardar 'yanci ba ce ta shekaru biyar masu zuwa. Cutar da ke hana ƙananan buɗewa yau ita ce ke gina toshewar manyan gobe.

Wannan shi ne abin da ya fi dacewa da labarin da kika bayar. Duk da haka likita zai duba wasu abubuwan da ke iya kawo irin wannan ciwo ko su ƙara shi: ƙarancin jini, kaurin tsokar zuciya da hawan jini ke jawowa, murɗewar babbar jijiya na ɗan lokaci, da ita kanta olsar da dangi ke faɗa. Amma ciwon olsa abinci da yunwa yake bi, ba hawa bene ba.

Yanzu kwalaben. Abokin nan bai ƙirƙiri maganar daga iska ba, shi ya sa take da daɗin ji. Tunda gurɓataccen oksijin ne ke ɓarnar, ai sai a sha abin da ke kashe shi, wato antiyoksidan. Manyan likitocin duniya ma haka suka yi tunani, kuma suka gwada da gaske. A wani gwaji mai suna HOPE da aka wallafa a 2000, an ɗauki mutum fiye da 9,000 masu haɗarin ciwon zuciya, sama da kashi ɗaya cikin uku masu sukari ne, aka ba rabinsu bitamin E kullum na kusan shekara huɗu da rabi. Bai rage bugun zuciya ba, bai rage shanyewar ɓarin jiki ba, bai rage mutuwa ba. Da aka ci gaba da bibiyarsu, rahoton 2005 ya nuna gazawar zuciya ta ɗan fi yawa a cikin masu shan bitamin ɗin. A Birtaniya kuma an gwada bitamin E da C da beta-karotin a haɗe a kan mutum fiye da 20,000, sakamakon ya fito a 2002, nan ma ba a ga komai ba. Dalilin bai da wuyar fahimta: ɓarnar tana faruwa ne can cikin ƙwayar halitta cikin ƙiftawar ido, ƙwayar da aka haɗiya ba ta isa wurin da yawan da zai yi tasiri, kuma ba ta taɓa tushen da ke ta kwararo da shi.

Abin da nake so ki riƙe, ki kuma faɗa wa Alhaji, shi ne cewa waɗannan gwaje-gwajen biyu ba bitamin kaɗai suka auna ba. A na farkon an ba rabin mutanen ramifiril, maganin hawan jini, ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da suke jawowa da kusan kashi 22 cikin 100, a masu sukari ma kusan 25. A na biyun an ba rabi simbastatin, maganin kitsen jini, shi ma ya rage da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mutane ɗaya, shekaru ɗaya, an gwada abin da Alhaji ya saya da tsada an ga ba ya aiki, an gwada irin waɗanda ya ajiye an ga suna ceton rai. Dangin magungunan nan biyu, ban da aikinsu na asali, suna rage ƙera gurɓataccen oksijin a bangon jijiya. Wankin jinin da yake nema yana cikin ledar da ya tura ƙarƙashin gado.

Ki duba jikin kwalaben ma. In akwai beta-karotin a ciki, to ga wani dalilin dainawa: a wani gwaji a ƙasar Finlan a 1994, mashaya taba da aka ba shi sun fi kamuwa da sankarar huhu. Ita kuwa kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ƙodar mai sukari ba wurin gwaji ba ce.

Ba na so ki ji kamar aikin gama ya gama. Shimfiɗar jijiya rayayyiya ce, tana farfaɗowa idan aka sauke mata nauyi. A ƙasar Denmak an bi masu sukari 160 da ƙodarsu ta fara nuna alama, rabi aka matsa musu a kan komai lokaci guda, sukari da hawan jini da kitse da abinci da motsa jiki da barin taba. A 2003 aka ga matsalolin zuciya da jijiya sun ragu da kusan rabi a cikinsu, a 2016 kuma aka ga sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara 8. Babu ko ɗaya daga cikin abin da aka yi musu da ya fi ƙarfin Garwa.

A makon nan ku koma wurin likitan da ke duba sukarinsa, ko likitan zuciya in an samu, da takardun Dwala da kwalaben da tsofaffin magungunan gaba ɗaya. Kada ya koma shan su da ka, a fara auna ƙodarsa, don maganin sukari irin metformin da maganin hawan jini dukansu da ƙarfin ƙoda ake daidaita su. A yi gwajin nan na sukarin wata uku, HbA1c, wanda ga yawancin mutane ake so ya sauka ƙasa da kashi 7. Na safe kafin karyawa ana neman tsakanin giram 0.8 da 1.3. Jini ya sauko wajen 13/8. A faɗa wa likita ƙarara cewa ciwon yana nan duk da hoton, a tambaye shi batun ƙananan jijiyoyi, domin akwai magungunan da ke rage gudun zuciya ko su sassauta jijiya, ciwon ya yi sauƙi. Ku nemi a rubuta muku jenerik, wato maganin da sinadarinsa ɗaya da na babban kamfani amma ya fi araha, ku tambayi farashinsu na wata a kantin maganin asibiti, Alhaji ya ajiye kusa da 30,000 ɗin nan. Ɗan kasuwa ne, lissafin ba zai ɓuya masa ba.

Taba kuwa babu ragi, bari ne gaba ɗaya. Kara ɗaya ya isa ya raunana buɗewar jijiyoyin zuciya na wani lokaci, kuma duk maganin da za a ba shi yana ja ne taba na ja.

Tukunya tana hannunki, kuma nan ne kike da iko ba tare da gardama ba. Shayin nan mai kauri da ake zagayawa da shi shaguna ana maka masa sukari, da folere, wato zoɓo, mai zaƙi, da lemon kwalba, su ne ke cilla sukari sama cikin minti kaɗan, kuma kowace cillawa ambaliya ce a cikin jijiya. Ki haɗa masa nasa a fulas ba sukari ya tafi da shi. Biredi da makala, wato fanke, na safe a rage, a sa wake ko ƙwai. Tuwon dawa ba haram ba ne, amma malmala ta ragu miya ta ƙaru: zogale, kuka, kuɓewa, tafasa, yakuwa, da kifin Lagdo. Ganye a cikin miya yana da amfanin da ƙwayar kwalba ta kasa nunawa. Gishiri da dunƙule a ja musu birki, Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen. Idan likita ya ba da izini ya fara tafiya a ƙasa, bayan asuba ko da la'asar sakaliya, ba cikin ranar Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ba. Ya fara da kaɗan, ya tsaya da zarar ƙirjin ya motsa, a hankali har ya kai minti 30 kwana biyar a mako. Gudun jini a kan shimfiɗar jijiya shi ne ke umartar ta ta ƙara ƙera iskar buɗewa. Kafin watan azumi da makonni shida ko takwas kuma a zauna da likita a kan ko zai iya, da yadda za a juya lokutan magani.

Akwai maganar da ba ki yi ba, zan yi ta da kunya amma dole. Iskar da ke buɗe jijiyoyin zuciya ita ce ke buɗe na gaban namiji, saboda haka rauni a shimfiɗar aure yakan riga ciwon ƙirji zuwa ga masu sukari. Maza da yawa a ɓoye suke sayen maganin ƙarfi a kasuwa, wasu na gargajiyar ma an cakuɗa su da sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti. Idan aka ba Alhaji ƙwayar ciwon ƙirji ta ƙarƙashin harshe ya haɗa da irin wannan, jininsa yana iya faɗuwa warwas har ya halaka. Ya faɗa wa likita gaskiya tsakaninsu, ba sai kina wurin ba.

Ki kuma san ranar da ba a jira. In ciwon ya zo yana zaune, ko ya wuce minti 15 bai sake shi ba, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi mai sanyi da amai da sarƙewar numfashi, a ɗauke shi zuwa asibiti a take a nemi gwajin zuciya da ake manna wayoyi a ƙirji, wato ECG, kada ya tuƙa kansa, kada a tsaya jiƙa wani abu. Sukari yana kashe jijiyoyin jin zafi, don haka bugun zuciya yana iya zuwa masa ba ciwo sam, sai kasala mai tsanani da gumi da haki kawai. Yaran shago ma su san wannan.

Batun hannu da aka ce an sa masa, addu'a da azkar ba su taɓa yin karo da magani ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Ba sai kin yi jayayya da dangi ba. A ci gaba da addu'a, a sha magani.

Shi kuma Alhaji, ki lura da abin da ke ransa. Mutum ne da ya kashe kuɗi mai yawa, ya yi doguwar tafiya da tsoro a ciki, aka ba shi labarin da ya sauke masa tsoron. Duk lokacin da kika ce ciwon yana nan, ji yake kamar za ki ƙwace masa wannan labarin. To kada ki ƙwace. Ki fara da shi: Alhamdu lillahi manyan a buɗe suke, ba a bukatar tiyata, kuɗin tafiya bai faɗi banza ba, saura ƙananan da magani da abinci ke gyarawa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ko baƙi ba, kuma maganar taba ki bar wa likita ya ɗauko ta, don ta bakinki za ta zame masa tonon asiri. In har ya ƙi ji, ki samu yayansa ko amininsa da yake jin nauyi, ko babban ɗanku, ki karanta musu wannan amsar, ɗayansu ya raka shi asibitin da ledar magungunan a hannu.